Habasha ko Gana? Ina son fita kallon tsuntsaye, wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min da shawara

Baban_Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yini lafiya. Dan Allah kar a fara dariya sai an gama karantawa. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, bana shekarata 19 ina riƙe da alli, kuma tun ina yaro ni mutum ne mai son tsuntsu, da danƙo na fara kamar kowa, Allah Ya yafe mana kurciyoyin da muka hallaka, amma yanzu kallo kawai nake ina rubutawa a wani ɗan littafi. Wani tsohon ɗalibina ne ya kawo min tsarabar madubin hangen nesa shekara uku da suka wuce, toh tun daga ranar abin ya zame min kamar ciwo, har maiɗakina cewa take na fi sanin lokacin zuwan shamuwa a kan lokacin biyan kuɗin makarantar yara.

Yanzu dai adashe ya zagayo kaina, kuma ina da 'yan tumaki da zan iya sakewa. Na ga akwai kamfanoni masu shirya tafiya, a haɗa mutum shida ko takwas da ɗan jagora ɗaya a yi sati biyu ana bin tsuntsayen da babu su a ko'ina sai ƙasar, da kuma tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Zuciyata ta rabu tsakanin Habasha da Gana. Wacce ta fi? Sannan dogon hutuna a Agusta yake, ya yi? Kuma dole ne sai da ɗan jagoran nan, tunda ina da littafi da manhaja a waya ba zan iya zuwa ni kaɗai in rage kashe kuɗi ba?

Dan_Kwari_01:

Hhhhh Malam ka ce kar a yi dariya amma wlh na kasa. Ka sai da tunkiya mai nama ka je kallon tsuntsun da ko romonsa ba za ka sha ba? Ka zo bayan kwata da hantsi in nuna maka ungulu kyauta, in ma ta ƙare a can sai mu wuce gidan zu. In kuɗin ne suka yi maka nauyi ai ga Umra nan.

Baban_Hanifa:

Alhaji na sauke farali tun 2019 Alhamdulillah. Kuma maganar ungulun nan da ka yi cikin wasa, yaushe rabonka da ganin ta a kwata kamar da? Ka je ka duba ka dawo ka ba mu labari.

Likitan_Shanu:

Wa alaikumus salam Malam. Rabu da Alhaji, mu da muka ɗanɗana mun san abin da kake ji. Ni na je Habasha sau ɗaya, aiki ne ya kai ni Adis Ababa sai na ƙara kwana goma sha biyu daga aljihuna, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Da farko ka cire Agusta daga lissafi. Daga Yuni zuwa Satumba nan ne babbar daminarsu a tsaunuka, ruwa ne ba ƙaƙƙautawa ga hazo ga laka, kuma lokacin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ba su iso ba tukuna. Masu wannan harkar daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen Fabrairu ko Maris suke zuwa. Kai da kake malami hutun Disamba shi ne naka, ko da za ka roƙi firinsifal ya ƙara maka kwana uku.

Ƙasar tana da tsuntsu sama da iri 800, waɗanda nata ne ita kaɗai ba su kai 20 ba, amma in ka haɗa da waɗanda ita da Eritiriya kawai ke da su sai su tasam ma 30. Toh abin da mutane ba sa ganewa shi ne wai don an ce tsuntsu na Habasha ne ba yana nufin kana sauka daga jirgi zai zo ya gaishe ka ba. Wasu kam a cikin garin Adis ma za ka gan su, kamar wani baƙin hankaka mai ƙaton baki da farin tabo a ƙeya, amma manyan da ake biyan kuɗi dominsu kowanne yana da ɗan lungunsa. Misali akwai wani ɗan hankaka mai ruwan toka, fukafukai baƙi, gefen idonsa fata ce shuɗiya ba gashi, duk duniya babu shi sai kewayen Yabelo da Mega can kudu ƙasar Borana, sama da kilomita 500 daga Adis. Sai a 1938 masana suka rubuta shi. Abin mamakin daji iri ɗaya ne, ƙaya iri ɗaya, shanu iri ɗaya, amma kana wuce wani wuri sai ka neme shi ka rasa kamar an ja masa layi, bincike ya nuna zafi ne ba ya so, inda ƙasa ta ɗan ɗaga akwai sanyi-sanyi nan kawai yake zama. A nan kuma akwai wata 'yar tsattsewa mai farar jela da take sheƙa a cikin bukkokin makiyaya da cikin suri, ita ma kudancin Habasha ne kawai gidanta. Ni da nake aikin shanu wlh rabin hankalina ya tafi kan garken Borana da rijiyoyinsu masu zurfi da suke jeruwa suna miƙa wa juna guga suna waƙa, sai da jagoran ya riƙa jan rigata.

Sai na wajen Nagele, turako na Yarima Ruspoli, kore ne mai farin tukku, in ya buɗe fiffike ka ga ja kamar an zuba masa jini. Shi Ruspoli ɗan Italiya ne, shi ya fara samo shi, amma giwa ta kashe shi a 1893 bai rubuta inda ya same shi ba, aka tsinci fatar tsuntsun a kayansa, aka yi shekaru da dama ba wanda ya san inda yake rayuwa. Mu sai da muka yi awa uku a gindin wasu ɓaure, wani yaro ɗan ƙauyen ne ma ya nuno shi.

Bale kuwa sai ka shirya. Tudun Saneti ya haura mita 4,000, ƙololuwar Tulu Dimtu mita 4,377, ni da nake taƙama da sanyin Jos na raina kaina, numfashi sama-sama ga ciwon kai, alwala da asuba kam sai dai a ce Allah Ya ba da lada. Amma nan ne za ka ga dinyar nan mai shuɗin fiffike da kyarkecin Habasha, ja ne kamar dila, yana farautar ɓeraye a fili da rana tsaka. Ka tafi da rigar sanyi ta gaske da safar hannu, ba suwaitar hunturun Kano ba.

Maganar jagora kuma, nan ne na yi kuskure don haka ka saurara. Na so in yi wayo, kwana huɗun farko na ɗauki wani kamfani mai araha da na samu a intanet, ashe direba kawai suka ba ni, mutumin kirki ne amma ko belbela sai na nuna masa. Mun je wurare masu kyau muka dawo hannu rabbana. Da na canza na samu wanda ya san aikin, mota tana tafiya gilas a sauke sai ya ce tsaya, ya ji kuka, mu fito, kuma wlh sai ka ga tsuntsun. Kunnensa kake biya ba bakinsa ba. Littafi zai nuna maka kamannin tsuntsu, ba zai gaya maka wace bishiya ce ta yi 'ya'ya wannan satin ba.

Ƙananan abubuwa: agogonsu daban ne, daga fitowar rana suke fara ƙirga, in ya ce maka ƙarfe 12 za mu fita toh shida na safe yake nufi, ni ranar farko ina kwance aka zo ana bugun ƙofa. Abinci injera ne safe da dare, mahautan Musulmi daban na Kirista daban sai ka tambaya, in ka rasa ka ce a ba ka abincin azuminsu, ba nama a ciki sai wake da ganye. Yankin Bale Musulmi ne da yawa ba ka da matsalar masallaci. Ka sa kamfanin ya rubuto maka ko ana buƙatar takardar izinin shiga da madubin hangen nesa da kyamara kafin ka taso, kar a riƙe maka a filin jirgi. Sannan wuraren da ke yankin Amhara irin su Ankobar da kwarin Jema, tun 2023 ana rikici a yankin, duk wanda ya sa maka su a jadawali ka tambaye shi yaushe rabonsa da zuwa.

Bakon_Kumasi:

Salam. Malam ni ba masani ba ne kamar Likita, kasuwancin goro da waya ne ya zaunar da ni Kumasi shekara goma sha ɗaya, amma na raka wasu baƙi sau biyu saboda abokina direban irin waɗannan tafiye-tafiyen ne, kuma ni Gana zan ce maka saboda dalili ɗaya: aljihu. Ba biza, fasfo ɗinka na ECOWAS da katin rigakafin shawara sun isa, in ka ga dama ma ta mota ka biyo Legas, Kwatano, Lome ka shigo Ankara, kuma duk garin da ka sauka akwai zango, za ka ji Hausa ka ci tuwo ka yi sallah cikin jam'i, ba ruwanka da kuɗin otal ɗin Turawa.

Abin da ke kawo su nan wani tsuntsu ne wai shi pikatatis, kansa sanƙo ne tal rawaya da baƙin tabo gefe da gefe kamar ya sa abin jin kiɗa a kunne, wuya fari, doguwar jela, tsalle yake a kan duwatsu kamar ba tsuntsu ba. Da laka yake gina sheƙarsa a jikin dutse cikin kurmi. An daɗe ana zaton ya ƙare a Gana sai a 2003 aka sake ganinsa. Akwai wani ƙauye Bonkuro a kudu da Kumasi, daga nan ake takawa cikin daji kusan awa guda da hawan tudu, a zaunar da ku kan benci a ce kar wanda ya yi tari, ku yi ta jira har bayan la'asar. Wlh ranar da na je cinnaku sun ci ƙafata na kasa sosawa, wata tsohuwar Baturiya kusa da ni da tsuntsun ya diro sai ga hawaye. Ni dai ban yi kuka ba amma tsigar jikina ta tashi. Kuma ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba ko ka so, 'yan ƙauyen ne ke kai mutum, su ke gadin wurin, da kuɗin baƙin suke amfana.

Sai Kakum kusa da Kep Kos, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a saman bishiyoyi, tsayin ya kai mita 30 ko fi, in kana jin jiri kar ka kalli ƙasa. Masu tsuntsu tun duku-duku ake shirya musu su hau kafin 'yan makaranta su zo da ihu. Can za ka ga manyan cilakowa na kurmi waɗanda in suna tashi fiffikensu har ƙara yake. Amma in gaya maka gaskiya kallon kurmi da wuya, duhu ne, ganye ne, wuyanka zai yi ciwo, tsuntsu goma za ka ji ka ga biyu. Arewa kuma wajen Mole dajin kamar namu ne, yawancin abin da za ka gani ka san shi, sai dai giwaye da tsohon masallacin Larabanga. Lokaci daga Nuwamba zuwa Maris, Disamba ya yi daidai sai dai ƙurar hunturu tana ɓata hoto.

Yar_Laminga:

Assalamu alaikum Baba Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara lafiya. Ni 'yarka ce, a Jos na yi karatun wannan fannin, a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum, don haka a yi min afuwa in na yi tsayi.

Tambayarka biyu ce ka haɗa ta ɗaya. Akwai 'yan gida waɗanda ba sa zuwa ko'ina, su dole kai ne za ka je musu, akwai kuma 'yan ci-rani, su kuma su ne suke zuwa maka har gida kyauta. Toh ni a ganina asara ce ka canza naira zuwa dala don ka je Habasha ganin 'yan ci-ranin Turai alhali irinsu suna sauka a fadamar Haɗeja da Nguru duk shekara. Daga Satumba zuwa Oktoba suke isowa, Maris zuwa Afrilu su juya. Agwagin ruwa na Turai, da masu dogayen ƙafa da ke bin gonakin shinkafa dubbai, da ɗan rawayan nan mai kaɗa jela da ke bin ƙafar shanu, duk Sahara suka tsallako. Wani ɗan tsuntsun nauyinsa bai wuce giram 10 ba amma daga arewacin Turai yake. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2000, ga Dagona a Yobe ga Baturiya a Jigawa, kuma duk Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a can, in ka nemi masu yi za su so ƙarin hannu. Ruwan dai ba kamar da ba tun da aka gina Tiga da Challawa, ga kacala ta cinye hanyoyin ruwa, amma har yanzu wuri ne da ba a rainawa.

In kuma abin da kake so shi ne ka ga tafiyar kanta, wato sama ta cika da su, wannan kam sai waje, kuma shi ne kaɗai ya dace da hutunka na Agusta. Batumi a ƙasar Jojiya, tsakanin Baƙin Teku da duwatsu akwai wata 'yar matsattsar hanya da shaho da mikiya da danginsu suke bi, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba ana ƙirga sama da miliyan ɗaya. Sai dai biza da kuɗin jirgi ba wasa ba.

Wani abu da zai yi wa ɗalibanka daɗi: Turawa da kansu da ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har wasu na cewa cikin laka suke kwanciya, sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar gaba ɗaya. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostok.

Kuma Baba kafin ka je neman na wasu ka zo ka ga namu. A duwatsun Amurum akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin su bainu da sai a 1998 aka tabbatar iri ne daban, akwai kuma wani ɗan baƙi mai sheƙi da ba ya gina sheƙa, a cikin ta jan yake zuba ƙwai a rena masa, har kukan mai renon nasa yake kwaikwaya. Shi ma da lokacinsa, ƙarshen damina zuwa farkon kaka namijin ke yin baƙin nan, in ka zo da bazara ya koma ruwan ƙasa ba za ka bambance shi da sauran ba. Mutane daga Ingila suke biyan kuɗi su zo ganinsu, kai kuɗin mota ne kawai.

Game da kamfani, ka ce su turo maka rahoton tafiyarsu ta bara ta watan da za ka je, ka ga me suka gani a wace rana, ka gwada da abin da mutane suka saka a eBird, manhajar da masu kallon tsuntsu ke rubuta abin da suka gani. Ka tambayi mutum nawa ne a mota, a kurmi in kun wuce shida na baya ba ya ganin komai. Ka nemi kamfanin 'yan ƙasar kai tsaye, don na Turai daloli dubbai suke caji kuma a ƙarshe ɗan ƙasar ne dai zai nuna tsuntsun. Sannan in ka ga jagora yana ta kunna kukan tsuntsu a sifika ba ji ba gani don ya fito, ka yi masa magana, wahalar da shi ake, yana barin ƙwai ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi.

Dan_Tasawa:

Salamu alaikum, ina gaida Malam. Ni daga Nijar nike, ban taɓa tahiya kallon tsuntsu ba, amma maganar shamuwa da kuka yi ta sa ni magana. Garinmu akwai wata tsamiya bakin masallaci, in shamuwa ta sabka kanta tsohhi sai su ce a hiddo iri a gyara kalme, kuma ba yaron da ya isa ya jehe ta. In kaka ta yi sai a wayi gari babu ita. Muna yara an ce muna Makka take zuwa. Toh 'yar uwa mai karatun Jos, ina take zuwa da gaske? Ita ma Turai?

Yar_Laminga:

A'a Baba, ita 'yar ci-ranin cikin gida ce, ba ta barin Afirka sai ɗan abin da ke kudancin Larabawa. Damina take bi. Nan wajenmu take ƙwai ta yi 'ya'ya, in ruwa ya ɗauke sai ta gangara gabas da kudu, su Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, lokacin su kuma daminarsu ta kama ga fara ga tsutsa, can ba ta sheƙa sai kiwo kawai. Wato in Baba Malam ya je can a Disamba zai iya cin karo da ta kan tsamiyarku.

Baban_Hanifa:

Kai jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, wlh har na kwafe a littafina. Likita ka kashe min Agusta amma gara da ka faɗa tun ban sai da tumakin ba. Na zauna na yi lissafi da daddare, Habasha ta fi ƙarfina bana, musamman da na ga mota da direba da jagora duk a kaina in ni kaɗai ne, sai dai in an samu mutum uku mu raba. Abin da na tsayar, ƙarshen Oktoba in Allah Ya kai mu zan shigo Jos ko kwana biyu ne, 'yata ki shirya za ki gaji da tambaya, Disamba in nufi Kumasi, Janairu kuma in leƙa Nguru wajen ƙidayar nan ko da ranar Asabar ce.

Bakon_Kumasi dan Allah ka tambayar min abokin naka, in mutum ya zo shi kaɗai ba cikin ayarin Turawa ba ana yarda a kai shi Bonkuro, kuma da sidi ake biya ko sai dala? Sannan takalmin ruwa zan taho da shi ko kambas ya isa?

Dan_Kwari_01:

Malam na je kwatar jiya da kaina, awa ɗaya ina tsaye ko ɗaya ban gani ba, mahauta suka ce sun fi shekara nawa rabonsu da ita. In za ku Nguru ɗin a motata za mu, man ku ne amma, kuma ku ara min madubin.